Zare a Diddigen Tela

Takarda ɗaya tal ta hana Dakta Wasila sakat, kuma ba wata takardar a zo a gani ba ce. Shafi biyu ne, da ɗan gurbi a ƙasa inda malami zai sa hannu ya shaida cewa ɗalibarsa ta isa ta zauna jarrabawar ƙarshe ta ƙwararrun likitocin cututtuka masu yaɗuwa. Ranar Juma'a da azahar kwalejin ƙwararru za ta rufe karɓar sunaye. Wa'adin horon Wasila a asibitin kuwa ƙarshen shekara zai cika. In wannan zama ya wuce ta, sai ta tattara nata ya nata ta bar sashen, wahalar shekara shida ta tashi a tutar babu.

Mai sa hannun shi ne Farfesa Silas, shugaban sashen. Mutumin Filato ne, amma ya fi shekara talatin a Sakkwato, har Hausarsa ta rine da ta garin. Gajere ne, furfura ta cinye kansa, tabarau kullum a bakin hanci kamar zai faɗo. Sau biyu Wasila tana kai masa takardar, sau biyu yana turo mata abarta.

"Karatu kam kin iya, Dakta," in ji shi a karo na biyu. "Ko daga barci aka tashe ki za ki karanto mini sunan kowace ƙwayar cuta da danginta. Amma shekara shida ban taɓa jin kin ce mini a'a ba. In na ce fari, ki ce fari fat. In na ce baƙi, ki ce baƙi ƙirin. Baɗi zan yi ritaya. Wa za ki riƙa ce wa haka ne Yallaɓai? Bango?"

Wasila ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Yallaɓai."

Ya cire tabarau ya dube ta, ya girgiza kai, ya nuna mata ƙofa.

To ku ji mini mutum! Yarinyar da aka raina a gidan Malam Illo na Kwalkwalawa ce za ta buɗe baki ta musa wa malaminta? A gidan nan ko inuwar babba ba a takawa. Malam Illo manomin shinkafa ne, ƙafarsa ta fi sanin lakar fadama a kan takalmi, kuma mutum ne mai alkunya irin ta da. Wasila ce 'yar farinsa, don haka tun da aka raɗa mata suna bakinsa bai taɓa furta shi ba. Sai dai ya ce "waccan", ko "'yar ɗakin nan". Yabo kuwa, wane ita! Ranar da ta zama likita, abin da ya ce kawai shi ne, "To, madalla," ya saɓa fartanya ya nufi gona. In abokansa suka tsokane shi a bakin masallaci, suka ce Illo, wai ɗiyarka har ta yi aure ta haihu ba ta ƙare makaranta ba, sai ya kawar da kai ya ce ai shi bai san sha'aninsu na boko ba. Wasila ta san da wannan tsokana, kuma tana ci mata rai fiye da yadda take nunawa.

Ranar Litinin da hantsi aka fita zagayen marasa lafiya. Takardar tana ninke a aljihun farar rigarta, har gefenta ya fara yin laushi. Farfesa yana gaba, ƙananan likitoci da ɗalibai suna biye da shi kamar 'yan tsaki, Sista Comfort, babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin, tana tura keken fayil.

A gado na bakwai suka tsaya. Malam Hashimu ne, tela mai shago a Sabon Gari, ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Kwanansa shida da zazzaɓi mai zafi, idanunsa sun yi rawaya, kuma tun jiya fitsari ya ɗauke. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Farfesa ya duba fayil, ya danna cikin mutumin, ya leƙa idanunsa.

"Shawara ce mai tsanani, daga ƙwayar cutar hanta, ta sauko ta taɓa ƙoda," in ji shi. "A ci gaba da lura da ruwan jikinsa, a jira sauran sakamako, a sanar da masu wankin ƙoda. Mu je."

Har ya juya. Sista Comfort ta yaye bargon don a ga ko ƙafafun sun kumbura, Wasila ta matsa ta danna idon sawu. Da ta kama tsokar sha-raɓarsa sai mutumin ya yi wata irin ƙara, ya fizge ƙafar. Fizgewar da ya yi ce ta juyo mata da diddigensa.

Faso ne mai zurfi ya tsaga diddigen, kuma an ɗinke tsagar da baƙin zare, ɗinki mai kyau, tsaf tsaf, irin na wanda allura ta saba da hannunsa. Ta duba ɗayar ƙafar, ita ma haka. Tsakanin yatsun duk ruwa ya ci, farcen kuma sun rine da laka irin wadda sabulu ba ya fitarwa.

Ta san wannan ƙafa. Ta girma tana kallon irinta. Tana 'yar shekara shida take zama a zaure bayan la'asar, ta lashi bakin zare ta zura wa babanta a allura, shi kuma ya ɗora ƙafa a gwiwa ya ɗinke fasonsa, ya shafe da man kaɗe, don gobe ya iya komawa cikin ruwa. Wanda ya wuni yana taka keken ɗinki a inuwa ba ya yin irin wannan diddige. Ta koma ta buɗe idon mutumin da kyau. A bayan rawayar akwai ja, ja sosai, amma babu kwantsa.

Farfesa ya riga ya kai gado na takwas. Wasila ta ji takardar a aljihunta kamar garwashi. Kwana huɗu suka rage. In ta yi shiru, wataƙila ya tausaya ya sa hannu. In ta musa masa a gaban ɗalibai, Allah kaɗai ya san ƙarshen abin. Ta sake duban baƙin zaren.

"Yallaɓai," in ji ta. "Yallaɓai, a'a. Ina ganin ba ciwon hanta ba ne."

Sista Comfort ta saki keken fayil ta kama haɓa. Wani ɗalibi ya ja da baya kamar shi za a mara.

Farfesa ya juyo a hankali. "Na'am?"

"A ba ni izini in yi wa matarsa tambaya."

Ya tsare ta da ido ta saman tabarau. Wasila ta yafito matar, wadda ke rakuɓe a jikin bango da kwanon kunu a hannu. Sadiyatu sunanta.

"Baiwar Allah, da kuka zo an tambaye ku sana'arsa?"

"Awo, Likita. Mun ce ɗunki."

"Yana noma?"

Matar ta dube ta da mamaki. "Likita, noma ai ba sana'a ba ta, gado na. Wa ag garin ga da bai noma? Sana'a anka tambaye mu."

"Tudu ko fadama?"

"Hwadama. Ta mahaihinsu, can bayan Kwalkwalawa. Ruwan da anka yi na ƙarshe ya ci musu kunyar gona, shi da ƙannenai sunka yi kwana huɗu cikin ruwa har gwiwa suna tarewa. Yau mako biyu ke nan."

"Akwai ɓeraye a wurin?"

"Kai, Likita, ɓeraye kam ba a magana! Ruwa ya koro su duk sun hau kunya. Da hannu sunka riƙa ture su."

Wasila ta juya wurin malaminta. Baki ya riga ya buɗe. Ta ce ciwon fitsarin ɓera take zargi. Ƙwayar tana zama a ruwan da ɓeraye suka ɓata, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga tsagar nan a diddigensa. Ga zazzaɓi, ga ciwon sha-raɓa, ga jan ido a kan shawara, ga ƙoda ta tsaya. Gwajin da zai tabbatar sai an aika da jini nesa, kafin ya dawo mutumin ya riga mu gidan gaskiya. A fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya yau, yanzu.

Farfesa ya ce, "Tun da kika zo sashen nan, sau nawa kika ga na rubuta sunan wannan ciwo a fayil?"

"Ko sau ɗaya, Yallaɓai. Amma ban taɓa jin mun tambayi tela ko yana shiga fadama ba."

Innalillahi! Ita kanta sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Fuskar Farfesa ta ɗaure tamau. Ya matso ya ɗaga ƙafar mara lafiyar, ya daɗe yana kallon zaren, ya ajiye.

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka," in ji shi. "Gado na bakwai naki ne. Sista, a ba ta duk abin da ta rubuta."

Bai ƙarasa zagayen ba. Ya miƙa wa wani likita fayil ɗin da ke hannunsa ya fice.

Aka ɗibi jini aka aika, aka fara allura. Talata ta zo, jakar fitsarin da ke rataye a gefen gadon wayam, ko ɗigo. Aka kai Malam Hashimu wankin ƙoda aka dawo da shi kamar tsumma. Farfesa bai leƙo ɗakin ba. Da Wasila ta haɗu da shi a baranda ta rusuna ta gaishe shi, sai ya ɗaga hannu kawai ya wuce, rigarsa duk ƙura kamar wanda ya fito daga rumbu. Ta shiga ɗakin hutun likitoci ta kira innarta a waya, ba don komai ba sai don ta ji muryar gida. Amma uwa uwa ce. Kafin ta ankara ta faɗa mata komai, har da cewa ta ɓata wa malaminta rai a gaban jama'a, kuma takarda kam sai dai wani ikon Allah.

Laraba da la'asar zazzaɓin ya sauka. Wasila ba ta yarda ta yi murna ba, don jakar tana nan yadda take.

Alhamis da safe tana shigowa ta ji Sista Comfort tana ƙwala mata kira tun daga ƙarshen ɗaki. "Dakta! Dakta, zo ki ga arziki!" Ta ɗago jakar sama da hannu biyu kamar mai nuna jariri ranar suna. Ta kusa rabi. Wallahi duk wanda bai yi aikin asibiti ba ba zai gane yadda manyan mata biyu za su tsaya suna dariya da hawaye a kan fitsari ba. Malam Hashimu kuwa ya buɗe ido, yana tambayar matarsa wa ya bar wa makullin shago.

Ana cikin haka masinja ya zo ya ce Farfesa yana nemanta a ofis, kuma ta yi baƙo.

A bakin ƙofar ofishin ta ga takalman roba guda biyu an jera su a gefe. Ta san su. Ta tura ƙofar, sai ga Malam Illo durƙushe a kan tayil, cikin shuɗiyar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ƙi kujerar da aka nuna masa. Tun da ta fara aiki a asibitin nan bai taɓa tako shi ba sai yau.

"Baba!" in ji ta.

Ko kallonta bai yi ba. Da Farfesa yake magana. "Ranka shi daɗe, uwatta ta hwaɗa man abin da ya hwaru. Na zo ba da haƙuri na. Yaro yaro na, ko ya yi gemu. Ba haka munka koya mata ba. In ta yi maka musu cikin mutane, laihina na, ni ban ƙwaɓe ta da kyau ba. Ka dubi Allah ka yahe mata, kada wahalarta ta tashi banza."

Kunya ta rufe Wasila, ta rasa inda za ta sa kanta. Ga tausayi kuma. Tsohon nan da ko sunanta ba ya iya faɗa, ya hau kabu-kabu tun daga ƙauye ya zo ya durƙusa wa wani saboda ita.

Farfesa ya zagayo daga bayan tebur don ya ɗaga tsohon, sai ya tsaya cak. Durƙuson ya fito da diddigen Malam Illo fili. Baƙin zare ne a jikinsu, hagu da dama, ɗinkin bai kai na tela kyau ba, amma shi ne dai.

"Malam, wa ya ɗinke maka ƙafa?"

Malam Illo ya ja rigarsa ya rufe. "Ni na ɗunke abina, ranka shi daɗe. Aikin hwadama na. Da can waccan ka sa man zare ga allura, tun tana ƙanƙanuwa, don idonta ya hi nawa."

Farfesa ya dubi Wasila, ya dubi tsohon. Sai ya ja kujerarsa gefe, ya zauna a ƙasa shi ma, da furfurarsa da muƙaminsa, ya harɗe ƙafa a gaban manomin.

"Malam Illo, 'yarka ba ta yi mini laifi ba. Shekara shida nake jiran wannan musun." Ya nuna wani tarin tsofaffin fayil a kan tebur, duk sun yi ƙura. "Ka ga waɗancan? Kwana biyu na yi a ɗakin ajiya ina tono su. Mutanen da suka zo mana da zazzaɓi da shawara bayan ambaliya, ƙodarsu ta tsaya. Goma sha ɗaya. Mahauci, direba, malamin makaranta, mai gyaran rediyo. Haka muka rubuta, don haka suka faɗa mana. Ban san me ya kashe su ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Amma ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu ko ya shiga fadama ba. Ni ɗan dutse ne, a kan tudu aka haife ni. Na ga wannan zaren a ƙafafun mutane ya fi sau ɗari, ban san abin da yake faɗa mini ba. Abin ya yi mini ciwo, Malam. Ba fushi nake da ita ba."

Ya miƙa hannu sama ba tare da ya dubi Wasila ba. "Kawo takardar nan."

Ta zaro ta daga aljihu ta ba shi. A gwiwarsa ya ɗora ta ya sa hannu, ya buga kwanan wata, ya miƙa mata.

"Ki je ki aika yanzu, kada na'urar kwalejin ta karɓar sunaye ta yi gardama gobe. In kin dawo ki gaya wa Sista, daga yau duk wanda aka kwantar a sashen nan, bayan an tambayi sana'arsa a tambaye shi noma, tudu ko fadama. Kuma zagayen yau ke za ki ja shi. Ni zan bi baya."

"Yallaɓai, ai bai kamata..."

"Ah to! Yanzu kuma musun ya zame miki jiki?"

Ba ta san lokacin da dariya ta kuɓuce mata ba. Malam Illo dai ya tashi ya yi godiya, ya fita ya sa takalmansa. Wasila ta bi shi tana cewa ya jira ta kai shi gida a mota, ya ce a'a, ya san hanya.

Da hantsi ya ɗaga aka fita zagaye. Wasila ce a gaba, ƙananan likitoci da ɗalibai a bayanta, Farfesa Silas can ƙarshe ya goya hannu a baya. A gado na bakwai ta nemi izinin Malam Hashimu, ya ce a nuna mana, ai ɗinkin ba na jin kunya ba ne. Ta sa ɗaliban suka matso ɗaya bayan ɗaya suna duba diddigen, tana yi musu bayani, muryarta tana kaiwa har ƙarshen ɗaki. Ta ji daɗi har cikin ranta, kuma ba ta ɓoye ba.

Gadon yana kusa da taga, a wajen tagar kuma akwai inuwar dogon yaro inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi. Da ta ɗaga kai sai ta hango shuɗiyar riga. Ashe bai tafi ba. Yana tsaye daga gefe, ya leƙo da rabin fuska, yana zaton ba a ganinsa.

Wani dattijo mai jinyar ɗansa ya taso ya tsaya kusa da shi. Wasila ta ji shi sarai yana cewa, "Malam, waccan likitar da babban Farfesa ke bi a baya, an ce ita ta ceto telan nan. Ko ka san ɗiyar wa ce?"

Ta sunkuya kamar tana karanta fayil, kunnenta yana waje. Ta ji babanta ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Ɗiyar wani manomi ta, can Kwalkwalawa," in ji Malam Illo. "Na san ubanta."

"Kai, amma wannan uba ya yi sa'a."

"Ya yi," in ji shi. "Wallahi ya yi."

Wasila ta ɗago ido. Baban nata ya gyara zaman hularsa, ya juya ya nufi bakin ƙofar asibiti da sauri, yana goge fuska da hannun riga. Rubutun fayil ɗin ya dushe mata, sai da Sista Comfort ta zura mata hankici a tafin hannu ba tare da kowa ya lura ba.

Ta share ido, ta ja numfashi, ta dubi ɗalibanta.

"Gado na takwas," in ji ta. "Wa ya tambaye shi noma?"